Tafiyar Mai Rauni: Daga Ramin Diyan Biyan Fu Zuwa Jiratawa

Duk wanda ya girma a Maraɗi, ko Tibiri, ko Jiratawa cikin shekarun 1970 da 1980 ya san su. Ranar biyan fansho sai a gan su sun shigo gari tun da hantsi, wani bisa jaki, wani cikin amalanke, sun ɗora tsohuwar rigar kaki bisa taguwa, lambobin yabo na lilo a ƙirji. Jama'a na ce musu mazan jiya, su kuwa ansiyan suke kiran junansu, da Faransancin bariki. Yara na bin su don su ji labarin bindiga da igwa. Amma akwai labarin da ba a cika tambayarsu ba, watau abin da ke samun soja tun daga sa'ar da ya faɗi har ranar da ya komo gida.

Ɗaya daga cikinsu, mutumin wani ƙauye na karkarar Jiratawa, ya ba mu nasa tun yana da rai. Bai ba mu shi zama ɗaya ba, kuma ba da son ransa ya soma ba. Ƙafarsa ta hagu daga ƙasan gwiwa ba ta nan. Idan aka ce masa igwa ta cinye ta, sai ya kaɗa kai ya ce ba igwa ba ce, hanya ce da ta toshe. Sai da muka bi labarin daki-daki muka gane nufinsa.

A zamanin mulkin mallaka, kumandan ke aika wa sarakuna su kawo samari, likita ya duba su, a ɗebi waɗanda za a ɗiba. Haka aka ɗauke shi a farkon shekarun 1950. Da aka ce masa wanda ya sa hannu ya ƙara shekaru za a ba shi kuɗi a dunƙule, sai ya tuna da sadaki, ya dangwala yatsa bisa takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Daga Damagaram sai Dakar, inda aka koya masa aikin igwa, daga nan sai jirgin ruwa zuwa Indoshin. Tsakanin 1947 da 1954 sojojin baƙar fata kusan 60,000 Faransa ta kai wannan yaƙi, da ƴan Nijar a ciki, har da Seyni Kountché wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987. Talakawan Faransa na Afirka ke nan aka kai su yaƙi talakawan Faransa na Asiya masu neman ƴancinsu. Tsohon ya ce bai fahimci haka ba sai da ya tsufa.

Kwarin da babu hanya

Diyan Biyan Fu wani kwari ne a arewa maso yammacin Biyatnam, kusa da iyakar Lawos, duwatsu masu duhun daji sun kewaye shi. Ran 20 ga Nuwamba 1953 sojojin Faransa suka diro cikinsa da laima, suka kafa sansani, wanda daga baya aka sa ƙarƙashin Kanal de Castries. Masu karatu, ku ɗauka tsohon Maraɗi ne cikin fadamar gulbi, kafin ambaliyar 1945 ta sa a tashe shi, abokan gaba kuwa sun hau tudun da sabon gari yake, suna kallon kowane gida daga bisa. To haka wurin yake. Tsakaninsa da Hanoyi kilomita kamar 300 ne ta sama, kuma babu wata hanyar ƙasa da ke hannun Faransawa. Abinci, harsashi, magani, mutane, kome ta jirgi yake zuwa.

A kan wannan aka gina shirin jiyya. An haƙa asibiti cikin ƙasa mai gadaje kamar arba'in, ƙarƙashin likitan fiɗa Kumandan Paul Grauwin, da mataimakinsa Jacques Gindrey. Ba a yi shi don a kwantar da mutum ya warke ba. Abin da aka nufa shi ne a tsai da jini, a yi aikin gaggawa, a sa mai rauni cikin jirgin Dakota, kafin sa'a biyu ya kai babban asibiti a Hanoyi, gadonsa kuma ya zama na wani. Shirin yana da kyau muddin filin jirgi na aiki.

Ran 13 ga Maris 1954 da maraice, igwogin Janar Giap, waɗanda aka jawo da ƙarfin mutane aka ɓoye cikin duwatsu, suka buɗe wuta. Cikin kwana uku gadajen nan arba'in sun cika sun batse. Jirage suka koma sauka da dare, fitilu a kashe, inji na gudu, a loda mutane cikin ƴan mintoci a tashi. Da haka aka fitar da masu rauni ɗari uku da ƴan kai. Ran 28 ga Maris wani Dakota ya sauka kafin asuba, ya sami matsala bai iya tashi ba, gari na wayewa igwa ta ƙone shi. Shi ne na ƙarshe. Daga wannan rana ana iya jefo mutum cikin kwarin da laima, amma ba a iya fitar da kowa.

Aikin mutumin namu ɗaukar harsashin igwa mai lamba 105, kowane ɗaya ya kai kilo 15. Tarihin yaƙin ya riƙe sunan ƴan igwan Afirka saboda daren 30 ga Maris, lokacin da rukunin Liyetna Paul Brunbrouck ya ƙi ja da baya, ya kwantar da bakin igwoginsa ya tare harin da ya kusa ɓalle sansanin. Tsohon ba ya son tsayawa kan wannan. Abin da yake tunawa shi ne wani dare a tsakiyar Afrilu.

Ya ce bai ji ƙarar ba. Ya dai ga kansa kwance, bakinsa cike da ƙasa, ya yunƙura ya tashi ƙafa ta ƙi. Zafi bai zo ba sai daga baya. Wani abokinsa Bambara, mutumin ƙasar da ake kira Mali yanzu, ya cire ɗamararsa ya ɗaure masa cinya tamau, ya sa sanda ya murɗa har jinin ya tsaya. Ma'aikacin jiyya na rukunin ya zo ya soka masa allurar morfin, ya rubuta wani abu bisa ƴar takarda ya ɗaura masa a maɓallin riga. Abin da aka rubuta shi ne sa'ar da aka yi ɗaurin da sa'ar allurar. Dalili kuwa, ɗaurin da ya tsai da jini shi ne kuma ke kashe ƙafa idan ya daɗe, tun da naman da jini bai kai gare shi ba ba ya jure sa'o'i masu yawa. Allura kuma idan aka maimaita ta ba da sani ba tana tsai da numfashi.

Da aka kawo gadon ɗaukar masu rauni, wanda sojoji ke ce ma barankar, sai gabansa ya faɗi, don bai ga bambancinsa da makara ba. Bai ma daɗe a kai ba. Ramukan da ake bi ƙunci gare su, suna da kwana-kwana, gadon ba ya juyawa, sai aka naɗe shi cikin ƙyallen laima aka riƙa jan sa. Masu jan nasa fursunoni ne ƴan Biyatnam, irin waɗanda Faransawa ke sa aikin dako cikin sansanin. Idan harsashi ya taho sai su kwanta, wani lokaci bisa kansa. Tsakanin ramin igwa da asibiti bai fi tafiyar da mutum zai yi daga gida zuwa masallacin unguwa ba, amma sai da suka ci rabin dare.

A bakin asibiti akwai jira na biyu, kuma ya fi na farko ɗaci. Mutane jere cikin rami, likita na bi da fitila yana duba kowa yana rarraba su: wanda zai iya jira, wanda za a shiga da shi yanzu, da wanda za a ba allura a kai gefe. Mai kallo daga nesa zai ce rashin imani ne. Amma a duba lissafin: fiɗar ciki guda tana iya cin sa'a biyu, mai ita kuma ba lalle ya tashi ba, a cikin sa'a biyun nan kuwa ana iya ceton mutum huɗu ko biyar masu raunin hannu da ƙafa. Likita biyu ko uku ba su iya raba kansu ɗari. Ko da aka jefo ƙarin ƙungiyoyin fiɗa da laima, masu rauni sun fi ƙarfinsu.

Shi an sa shi cikin masu jira. Kafin layi ya zo kansa ƙafar ta yi sanyi, ta sauya launi, taɓo ya shiga cikin ƙashin da ya farfashe. A Hanoyi, inda akwai lokaci da ruwa mai tsabta da jini isasshe, likita na iya ɗinke jijiya, ya wanke miki, ya jira ya gani. Cikin rami babu jira, don ruɓewar nama idan ta kama sai ta hau zuwa cinya ta kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Aka yi masa magana da Faransanci, bai ji ba. Aka nemo mai Bambaranci, harshen da tirayoyi suka fi amfani da shi a tsakaninsu, nan ma kaɗan ya tsinta. Aka rufa masa wani abu a hanci. Da ya farka sai ya ga bargo ya kwanta sumul a wurin da ya kamata ya yi tudu.

Wannan ita ce hanyar da ya ce ta toshe. Da raunin ya zo mako uku kafin nan, wataƙila da ƙafarsa biyu ya komo.

Kwana ashirin da ƴan kai ya yi a ƙarƙashin ƙasa, kuma nan ne labarinsa ya fi tsawo. Gadaje hawa-hawa kamar ragaya, abin da ya zubo daga na bisa sai ya sauka kan na ƙasa. Injin wuta na ruri, zafi kamar cikin tanderu, wari kuwa ya ce har ya mutu ba zai fita hancinsa ba. Da damina ta sauka wajen ƙarshen Afrilu, ruwa ya riƙa tsiyaya daga rufi, taɓo ya kai idon sawu, wani wuri har gwiwa. Ƙudaje suka yi ƙwai cikin miyaku, tsutsa ta fito tana yawo ƙarƙashin ɗauri. Mutane suka firgita, suna cewa tun da rai an soma cin su. Grauwin ya riƙa gaya musu su kwantar da hankali, tsutsar mataccen nama kawai take ci, tana barin mai rai. Gaskiya ya faɗa, likitoci sun san da haka tun kafin wannan yaƙi. Jini da fenisilin da ƙyallen ɗauri duk da laima ake jefo su, sansanin kuwa kullum ƙara tsukewa yake, har ya zan kaya da yawa hannun abokan gaba suke faɗawa.

Akwai mace guda Bafaranshiya a wurin, Geneviève de Galard, ma'aikaciyar jiyya ta cikin jirgi, wadda ta zo da Dakotan nan da ya ƙone ta rasa hanyar komawa. Ta cika shekara 29 cikin ramin, ta rasu a 2024 tana da 99. Tsohon bai san sunanta ba sai daga baya. Ya dai tuna hannun da ya ɗaga kansa ya ba shi ruwa, da kuma cewa ba ta toshe hanci idan tana kwance ɗauri.

Salla kuwa bai bari ba. Babu ruwan alwala, babu sanin gabas, babu sanin rana ta fito ko ta faɗi. Sai ya dafa bangon ramin ya yi taimama, ya yi nuni da kai yana kwance. Wani Balarabe mutumin Aljeriya da ke gadon kusa shi ke ƙiyasta musu lokaci, har ranar da aka wayi gari an ɗauke shi an sa wani. Mun tambaye shi: "Baba, a lokacin me ka fi tsoro?" Ya ce: "Ɗana, ba mutuwa ba. A rufe ni babu wanda ya san sunan ubana."

Ran 7 ga Mayu 1954, wajen ƙarfe biyar da rabi na yamma, ƙara ta ɗauke. Azumi na da kwana uku ko huɗu, shi bai ma sani ba. Bayan kwana 56 ana ruwan wuta, shirun ya fi ƙarar ban tsoro. Sojojin Biyatnam suka shigo, daga baya aka fito da masu rauni sarari, aka kafa musu rumfuna da ƙyallen laima wanda ya cika kwarin. Hasken rana ya hana shi buɗe ido. Aka ba su ruwan shinkafa. Kada a manta su ma masu nasarar suna da nasu dubban masu rauni, da likitoci ƙalilan, cikinsu har da shahararren likitan fiɗa Ton That Tung.

Daga nan sai rarrabawa ta uku. Kashegarin faɗuwar sansanin aka soma zancen Indoshin a taron Janeba, aka kuma yarda a bar Faransa ta kwashe waɗanda rauninsu ya yi tsanani. Farfesa Pierre Huard na Hanoyi shi ya zo ya daidaita da su. Mutum 858 aka amince a fitar. Sauran, kusan 11,000, da masu ƙaramin rauni a ciki, aka kora su a ƙasa ɗaruruwan kilomita cikin damina zuwa sansanonin fursuna. Bayan wata huɗu, waɗanda aka mayar wa Faransa ba su kai 3,500 ba. Ƙafar da ya rasa ita ta hana shi wannan tafiya. Abokinsa Bambara, mai ƙafa biyu, ya tafi cikin layi, bai sake jin labarinsa ba.

Doguwar hanyar gida

Filin jirgin ya lalace, saboda haka da ƙananan jirage da masu saukar ungulu aka riƙa ɗibar su kaɗan-kaɗan zuwa Luwang Parabang ta ƙasar Lawos, daga can Dakota ya kai su Hanoyi, asibitin Lanessan. Ya ce da aka kwantar da shi bisa farin zane sai ya ƙi motsi, don kada ya ɓata shi. A nan aka sake yi masa aiki. Yankan fagen yaƙi a buɗe ake barinsa don ruwan miki ya fita, sai an sami wuri mai tsabta a rage ƙashi, a jawo fata a rufe dungun yadda zai iya ɗaukar ƙafar katako. Ƙaramar salla ta same shi a wannan gado, farkon watan Yuni.

A Hanoyi ne kuma ƙafar da ba ta nan ta soma yi masa ƙaiƙayi. Cikin dare sai ya ji babban yatsa na zugi, ya kai hannu ya tarar da zane. Ya ɓoye abin, yana tsammanin ƙafar ce ke kiransa daga inda aka binne ta, ko kuwa iskoki. Wani ma'aikacin jiyya ɗan Dahome mai jin Hausa ya gaya masa kusan duk wanda aka yanke wa gaɓa yana jin haka: jijiyoyin da aka datse ne ke ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta shafe ƙafar daga lissafinta ba. Ya ce wannan bayani da harshensa ya fi masa allura goma.

Sauran tafiyar ta ruwa ce. Saigon, sa'an nan mako uku ko fiye cikin teku. Da suka shiga Bahar Maliya wani ya ce musu Makka na hannun dama, sai waɗanda ke iya tashi suka taru a wannan gefe, shi ma ya sa aka ɗauke shi aka kai. Babu abin da suka gani sai ruwa da hazo. Suka ratsa Suwes suka sauka Marsai, inda aka auna dungun aka yi masa ƙafa ta katako da fata da ƙarfe, ya koyi tafiya tsakanin sanduna biyu kamar yaro mai tatata, sanyin hunturun Turai na shiga masa har ɓargo. Daga nan Dakar, Kwatano, jirgin ƙasa zuwa Paraku, sa'an nan bayan babbar mota irin waɗanda ke kai gujiyar Maraɗi kudu su komo da kaya, ta Gaya da Doso da Ƙonni. A 1955 ya sauka. Uwarsa ta riga ta yi masa sadaka, don labarin da ya iso ƙauye shi ne kowa ya ƙare a Indoshin.

Ƙafar Marsai ba don rairayi aka yi ta ba. Tana nutsewa, zafi na busar da fatarta, gumi na sa dungun ya salaɓe. Baduku ya yi ta gyaran maɗaurinta har ya gaji, daga bisani aka rataye ta a zaure, sai ranar fansho ake sauko da ita. Noman tudu ya gagare shi, ya koma lambu cikin fadama, inda ake aiki a zaune. Ya yi aure, ya haifu.

Fanshon kuwa nasa labarin daban. Dokar kuɗi ta Faransa ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da haƙƙin tsofaffin sojojin ƙasashen da suka sami ƴanci, ya zan na Bafaranshe na hawa kowace shekara, na ɗan Afirka na tsaye, alhali rami guda suka kwanta. Sai a 2001 babbar kotun Faransa mai duba ayyukan hukuma ta ba Amadou Diop, tsohon soja ɗan Senegal, gaskiya, bayan ya riga ya rasu. A 2007 aka daidaita kuɗin masu rauni, a 2011 aka daidaita sauran. Mutumin namu bai ga ko ɗaya ba.

Wanda ya ce wannan tsohon zance ne bai dubi taswirar ƙasarmu ba. Sojan da ya ji rauni a Boso a harin Fabrairu 2015 ko na Yuni 2016, sai an kai shi Difa, idan abin ya fi ƙarfin nan kuma Yamai na nesa da fiye da kilomita 1,300. Ko a jahar nan tamu, wanda harsashin ƴan bindiga ya sama a dajin iyaka wajen Madarunfa ko Gidan Runji, tambayoyin da ke kansa su ne na 1954: wa ya iya ɗaurin tsai da jini a kusa da shi, motar asibiti na da mai ko babu, akwai jini irin nasa a ajiye a Maraɗi ko sai an fita neman dangi. Ma'aikacin da takardar man motar asibiti ta kwana bisa teburinsa, da shi ake wannan magana.

Ƴar takardar nan da aka ɗaura masa a maɓalli ba ta ɓata ba. Ya ɗauka wani abin tsari ne na Nasara, tun cikin rami ya cusa ta cikin kuben layarsa, ta bi shi Hanoyi da Marsai har gida. Bayan da aka soma yaƙi da jahilci a Nijar a 1963, ya shiga ajin dare na ƙauyensu, yana zama a baya da sandarsa, don ya daina dangwala yatsa ranar biya. Faransancin takardar bai taɓa iya karanta shi ba. Amma ranar da ya gama koyon lambobi, ya koma gida ya farke kuben, ya miƙe ta kusa da fitila, ya karanta da kansa sa'ar da aka ɗaure masa ƙafa: ƙarfe 9 da minti 40 na dare.